Kafin ka hau motar Legas: yadda za ka tsare guminka da gadon gidanku in aiki ya raba ka da gida

Ranar da Baba ya rasu ina Legas. Bayan asuba Yaya ya kira ni, kafin motar da na samu ta wuce Ibadan har an yi mashi sutura an kai shi makwanci a Daura, ni ban taka ƙofar gida ba sai washegari da daddare. Wannan kam duk wanda ya bar gida ya san da shi, ba a jiran kowa da gawa kuma haka ya dace. Abin da ban shirya mawa ba shi ne ranar da aka zo yi ma gida kuɗi, aka haɗa har da ciki da falon da na gina a cikin gidan da gumin shekara shida, aka ce duk na Baba ne tunda a filinshi yake. Baba da bakinshi ya ce mani gina nan, naka ne, amma ranar daga ni sai shi sai Kawu a zaure, kuma Kawu ya riga shi tafiya. Kuɗin ginin ma ta hannun Baba nake turowa, toh wa zai bambance na bulo da na cefane? Ban riƙe kowa a zuciya ba wallahi, ƙannena ba su yi ƙarya ba, abin da suka gani suka faɗa. Amma tun ranar na ɗauki alkawari duk yaron da ya zo yi mani sallama zai tafi neman kuɗi sai na zaunar da shi na gaya mashi abin da zan rubuta nan.

Bari in fara kawar da maganar harajin gado tunda ita aka fi tambaya. A ƙarshen 2024 da Shugaba Tinubu ya aika ma majalisa ƙudurorin gyaran haraji hankalin mutane ya tashi ƙwarai a nan Arewa, a masallaci da majalisar shayi ba abin da ake faɗi sai za a fara cire ma marayu kaso a gado. An sa ma dokokin hannu ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, kuma babu harajin gado a cikinsu, Taiwo Oyedele da ya jagoranci kwamitin gyaran ya sha fitowa yana faɗin haka. An taɓa yin irinshi a ƙasar nan ƙarƙashin wata dokar soja ta 1979, aka soke ta a 1996. Abin da ke akwai yanzu shi ne in ka gaji gida ka sa 'yan haya, kuɗin hayar nan samu ne kamar kowane samu, ana lissafa shi a haraji, kuma naira 800,000 na farko a abin da mutum ya samu a shekara ba a cire ma komi. Gidan kanshi da ka gada ba wanda zai zo ya ce ka ba gwamnati kaso.

Kuma ni ban ga laifin mutane da suka tsorata ba, tsoron yana da asali. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa cikin zaluncin sarakunan wancan zamani cewa in mutum ya mutu sai su kwashe dukiyarshi su kira abin gado. Zamanin En'e kuma, wato hukumar mulkin gargajiya ta da, in alƙali ya raba gado akan cire ushira, kashi ɗaya cikin goma. Haraji da jangali kuwa iyayenmu sun biya har 1979 da Gwamna Balarabe Musa ya soke su, lokacin Katsina da Daura suna cikin tsohuwar jihar Kaduna, kafin a ba mu jiharmu a 1987. Wanda kakanshi ya ba shi labarin yadda ake shanya mutum a rana kan kuɗin haraji, in ya ji an haɗa kalmar haraji da gado dole gabanshi ya faɗi.

In kuwa tafiyar taka ta tsallake ruwa ce, kamar likitocinmu da nas-nas da ke tafiya Ingila, toh nan maganar daban ce kuma ka buɗe kunne. A Ingila akwai harajin gado, kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura fam 325,000, duk da abin da miji ya bar ma mata ko mata ta bar ma miji galibi ba a taɓa shi, kuma akwai ƙarin sassauci in gidan zama ne ka bar ma 'ya'ya. Daga Afrilun 2025 in ka zauna can shekara 10 cikin 20 da suka wuce, har dukiyarka ta waje tana shiga lissafi, ma'ana gidan da ka gina a GRA Katsina ma za a iya ƙirga shi. Kuma in ka mutu ba ka bar wasiyya a rubuce yadda dokarsu ta yarda ba, da dokar ƙasarsu za a raba, mahaifiyarka da Allah ya ba sudusi, wato ɗaya cikin shida, tana iya tashi ba ko sisi. Sai ka nemi lauya a can wanda ya san wasiyyar Musulunci tun shekarar farko. A Amurka harajin tarayya kashi 40 ne shi ma amma sai dukiya ta haura dala miliyan goma sha wani abu, don haka bai shafi yawancin namu ba. Saudiyya kuwa ba ta da shi.

Ra'ayina a kan abin, ni ba na goyon bayan a sa hannu a rabon da Allah ya riga ya yi da kanshi a Suratun Nisa'i. Amma dalilin da ya sa Turawa suka ƙirƙiro harajin, wato kar dukiya ta taru a gida ɗaya tana ta haihuwa jika da tattaɓa-kunne alhali maƙwabci bai da na koko, wannan damuwar gaskiya ce kuma muna cikinta tsundum. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2022 ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa suke. Ƙungiyar agaji ta Oxfam a 2017 ta ce dukiyar attajirai biyar na ƙasar nan ta kai dala biliyan 29.9. Ba sai ka je nesa ba ma, tsaya bakin titi a Katsina da safe ka ga motar da ke kai yaro ɗaya makarantar kuɗi ta wuce yara ashirin da robar bara. Maganin da addini ya ba mu zakka ce da wakafi da rabon gado na gaskiya, kuma duk ukun mun yi sakaci da su, mai kuɗi ya raba atamfa da naira dubu-dubu a azumi ya kira ta zakka alhali 2.5 cikin 100 na dukiyarshi ya fi ƙarfin haka nesa ba kusa ba.

Ga lissafin da nake so ka riƙe kafin ka yanke shawarar tafiya ko zama. A ce mutum ya rasu, bayan an yi jana'iza an biya bashi an fitar da wasiyya, abin da ya rage gida ne da gona da aka yi ma kuɗi naira miliyan 4.8. Ya bar mata biyu, da mahaifiyarshi, da 'ya'ya maza shida mata biyar. Matan za su raba tumuni, wato ɗaya cikin takwas, 600,000, kowace 300,000. Tsohuwa ta ɗauki sudusi, 800,000. Saura miliyan 3.4 a kasa shi 17 tunda namiji kaso biyu ne mace ɗaya, kowane namiji ya tashi da 400,000, kowace ɗiya mace 200,000. Toh ka gaya mani wane fuloti 400,000 za ta saya maka yau a Daura, garin da tun da aka kawo jami'ar sufuri da foliteknik ta tarayya filaye suka yi tashin gwauron zabi? Kaga kenan gadon talaka yana narkewa a zuriya ɗaya, na mai kuɗi kuwa yana cikin kamfani mai rajista da hannun jari da gidaje masu takarda, ga 'ya'yan an riga an ba su gadon da ba a kasawa, wato karatu da sanin mutane. Shi ya sa nake ce ma yara kar wanda ya zauna jiran gado, fita neman na kai ba laifi ba ne, sai dai a fita da tsari.

Tsarin kuma daga littafi yake farawa, littafin rubutu na makaranta mai bango mai ƙarfi, guda biyu, ɗaya a jakarka ɗaya a gida wajen wanda ka yarda da shi. Kafin ka tafi ka zauna da mahaifinka in yana raye, da ladabi, ka ce Baba ina so in san abin da ke naka da abin da ke na gandu da abin da ke aro ko jingina a hannunmu, da bashin da ake bin ka da wanda kake bi. Na san da nauyi, a wajenmu in ka tayar da wannan magana sai a ce kana ƙirga ma tsoho kwana. Ka shigo ta ƙofar addini, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim ya ce bai kamata Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarshi a rubuce ba. In kai ba za ka iya ba ka roƙi limamin unguwa ko aminin Baba ya buɗe zancen, tsofaffi sun fi jin maganar sa'o'insu. Gonakin a taka su da ƙafa a nuna maka iyaka, wace bishiya, wace gamba, wa ke gabas wa ke yamma, ka ɗauka a waya ka rubuta, domin dattawan da suka san iyakokin nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai maganar da ta ci ni, gini a gidan gado. In da hali kar ka yi, ka sayi ko rabin fuloti ne a bayan gari da sunanka ka fara aza bulo a hankali. In kuma dole ce, misali Inna na buƙatar ɗaki mai kyau ko iyalinka a gidan za su zauna, toh a rubuta ɗaya cikin biyu. Ko dai Baba ya ba ka wurin kyauta a gaban shaidu maza biyu adilai waɗanda ba magada ba, mai unguwa ya sa hannu, ko kuma a rubuta cewa fili na Baba ne gini naka ne kuma ga abin da ka kashe. Ka sani a mazhabarmu ta Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, in ya ce na ba ka amma ba ka shiga ba ba ka killace ba har ya kwanta ciwon ajali, ta koma gado. Kuma kar ka matsa ma tsoho ya fifita ka a kan sauran, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir yana nan, Annabi (SAW) ya ƙi yin shaida a kan kyautar da uba ya yi ma ɗa ɗaya ya bar sauran. Rasit ɗin siminti da kwano da kuɗin birkila duk ka adana, ka ɗauki hotonsu ka tura ma kanka a imel ko WhatsApp saboda takarda gara na cin ta.

Kuɗin da kake turowa gida kuma ka kasa su uku a bakinka da kuma a rubuce, wanda ka bayar don Allah na cefane da magani, wanda ka ba da rance, da wanda ka turo a saya maka abu ko a juya maka. Duk taransifa akwai wurin rubuta dalili, rubuta, ko kalma biyu ce, kuɗin taki, rancen Yaya, kuɗin fuloti kashi na biyu. Ka bi shi da saƙon murya a guruf ɗin gida yadda kowa zai ji. Yawancin rigimar da na gani tsakanin wa da ƙane ba cin amana ba ce, shi wanda ke Legas a ranshi ajiya ya bayar, shi wanda ke gida a ranshi taimako aka yi mashi, shekara bakwai ba wanda ya furta, ranar da aka furta sai zumunci ya tsinke. Na cefanen kuwa in ka bayar ka manta da shi, kar ranar rabo ka tashi kana cewa ai ni na ciyar da gidan nan shekara goma a ƙara mani, shari'a ba ta san wannan ba, ladanka na wajen Allah.

In za a saya maka fili ko gona kana can, takardar ciniki da sunanka za a rubuta ba da sunan wanda ka aika ba, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke, shi ya sa hannu a matsayin wakili. Yau lafiya lau kuke, amma in ya riga ka mutuwa 'ya'yanshi takarda za su bi kuma ba su yi laifi ba. A samu sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidun iyaka, a bincika ko filin na gado ne da ba a raba ba, domin sayen irin wannan sayen rigima ne. Daga nan ka daure ka bi layin takardar mallaka ta gwamnati, C of O, saboda tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take amana, kuma ranar da aiki ya biyo ta gonarka, kamar layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa Daura da Katsina da Jibiya, mai takarda ya fi kwanciyar hankali wajen maganar diyya. Dabbobi ma haka, in ka ba da kiwo a rubuta guda nawa, wa ke ciyarwa, in ta haihu ya za a yi, in ta mutu ko an sace fa. Mutanenmu na Batsari da Safana da Ɗanmusa da suka tara guminsu duka a shanu sun ga abin da ɓarayin daji suka yi masu a dare ɗaya, don haka kar ka zuba komi a wuri guda.

Yanzu ɗan'uwan da ya zauna gida. Wannan maganar ita ta fi damuna don na daɗe ban gane ta ba. Kai ka tafi, kana dawowa da sallah da shadda sabuwa da tsaraba, kowa na sa maka albarka, shi kuwa shi ke kai Baba asibiti cikin dare, shi ke noman gandu, shi ke zuwa gaisuwar mutuwa da suna a madadinku duka, shi ya bar damar da kai ka samu, kuma ranar rabo kasonku ɗaya ba ƙari ko ƙwandala. Bambancin arziki da muke kuka da shi a ƙasa, ga shi nan a cikin ɗaki ɗaya tsakanin wa da ƙane. Abin yi shi ne ka biya shi tun yanzu ba sai an mutu ba, ka ware mashi wani abu duk wata da sunanshi ba na cefanen gida ba, ko ka ɗauki karatun ɗanshi ɗaya, ko ka saya mashi injin ban-ruwa ko babur ya zama nashi halak malak, kuma ka faɗa a gaban mutane cewa zamanshi ne ya ba ka damar tafiya. Ni sai bayan rasuwar Baba na ce ma Yaya, Yaya ka yafe mani, ashe kai ke ɗauke da mu duka, ya yi shiru ya share ido, kuma na so a ce na faɗi haka tun shekara goma baya.

Kanka kuma ka shirya ma mutuwa a can, don ba alkawari aka yi maka cewa iyaye za su riga ka ba. Duk asusun da kake da shi, na banki da su Opay da Moniepoint, da adashen da kake zubi, da wanda ke riƙe maka kaya a kasuwa, a rubuta a littafin nan, ba lambar sirri ba, sunan wurin da lambar asusu kawai. Sunanka ya zama iri ɗaya a NIN da BVN da takardar aiki, domin in a nan Muhammadu ne a can Mamman, iyalinka za su sha zirga-zirgar rantsuwa a kotu. Sunan da ka cike a fom a gurbin makusanci, wanda ake ce ma nes-of-kin, ba shi ne magaji ba, mutum ne kawai da za a tuntuɓa, kuɗin na duk magada ne, kuma banki ba zai saki ba sai an kawo takardar shaidar mutuwa da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. In aikin gwamnatin tarayya kake ko kamfani mai tsarin fansho, dokar fansho ta 2014 ta ce kai kana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinka, wanda ya ɗauke ka aiki na zuba 10, kuma dole ya yi maka inshorar rai da ba ta gaza albashinka na shekara sau uku ba. Iyalai da yawa ba su ma san da wannan kuɗin ba balle su nema, toh ka gaya ma matarka sunan kamfanin fanshonka da wanda za ta nema a ofis. Kuma kar ka ɓace, ko ba ka samu komi ba ka riƙa kira, kunyar dawowa hannu rabbana ta sa wasu sun yanke waya shekara da shekaru, alhali a fiƙihunmu wanda ya ɓata ba a raba dukiyarshi sai an kai shekarun da ake ganin sa'o'inshi sun ƙare, wajen shekara 70 da haihuwarshi, ka bar mata da yara a rataye kenan.

Wasiyya kuma iyakarta sulusi, wato ɗaya cikin uku na dukiya, kuma ba a yi ma magaji. Inda ta fi amfani shi ne jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa, domin in akwai ɗa namiji a raye ba su da gado, ya tare su. In akwai irinsu a gidanku ka tuna ma Baba ya rubuta masu wani abu cikin sulusin, ko ya ba su a hannu tun yana raye, haka agola da yaron da aka riƙa, da wakafin rijiya ko islamiyya in yana da niyya.

In rasuwar ta zo kana nesa, ga yadda za ka bi. Ka zo in da hali, in aiki bai bari ba ka naɗa wakili a rubuce da shaidu, ka faɗi iyakar abin da ka wakilta shi, ya karɓa kawai ko har ya sayar. A fara da bashi kafin komi, a yi cigiya a masallaci wanda ke bin mamaci ya zo, har sadakin da bai cika ba da zakkar da bai fitar ba a tambayi malam. Kayan ɗakin mata da abin da suka saya da kuɗin sana'arsu a ware, ba gado ba ne. In cikin matan akwai mai ciki a dakata har ta haihu. Daga nan a kira malamin da ya san fara'ili, wato ilimin rabon gado, ko a tafi kotun shari'a, ni na fi son kotu ko da kuwa ba rigima, saboda za a ba kowa takarda, kuma duk abin da aka biya a karɓi rasit. Wanda bai gamsu ba yana da hanyar ɗaukaka ƙara har gaban Alƙalin Alƙalai a Katsina. Masu yi ma gida da gona kuɗi a samo waɗanda ba su da niyyar saye, kuma ka tambayi farashin unguwar da kanka ta waya wajen mutum biyu uku, don wanda ya daɗe baya gari farashin shekara biyar baya ne a kanshi.

Abin da zan roƙe ka da girman Allah shi ne kar ka yarda da a bar shi a haɗe tukuna. Kalmar tana da daɗin ji, kamar zumunci, amma wanda ke cin moriyarta shi ne wanda gona ke hannunshi, waɗanda ke cutuwa kuma mata ne da marayu da kai da ke nesa. Na san gidan da gado ya kwana shekara ashirin ba a raba ba har magada huɗu suka mutu, lissafin ya koma gado cikin gado, jikoki sun fi arba'in, Gwaggo guda ta rasu tana sayar da ƙuli a gidan haya alhali tana da kaso a gonar da ke bakin titi. A raba kowa ya san nashi a takarda, in ya so daga baya ku haɗa ku noma tare da yardar kowa, a rubuta wa ke noma da abin da zai riƙa ba masu kaso in an yi girbi. 'Yan'uwanka mata kuma kar ka bari a ba su 'yan kuɗi a ce ai mace ba ta noma, in tana son ƙasarta a yanka mata. In wani zai sayar da kasonshi kafin a tsaga, ku da kuke tarayya kuna da haƙƙin shuf'a, ku kuka fi cancanta ku saya a kan farashin da bare ya taya, toh nan ne kuɗin Legas ɗinka zai yi rana, ka saya da daraja ba ka taya ƙanwarka da arha don ka ga tana cikin matsi ba. Kason marayu ƙanana kuwa a naɗa masu wasiyyi a gaban alƙali, a sa a abin da ba ya narkewa, don yadda naira ta faɗi tun cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin da aka ajiye ma yaro a asusu kafin ya balaga ba za su sayi rabin abin da za su saya yau ba.

Ni yanzu duk babbar sallah in na zo, washegarin hawan Magajiya da safe kafin gari ya cika, ni da Yaya da ƙanwarmu babba muna zama a ɗakin Inna da littafin nan, a karanta abin da na turo a shekara da inda ya tafi, buhu nawa gonar hanyar Mai'aduwa ta bayar da na wa da na wa, wa ya ci bashi wa ya biya, kowa ya sa hannu, Inna ta dangwala yatsa, in ɗauki hoton shafin in tura guruf don waɗanda ke aure a Kano da Zinder su gani. Bai fi awa ɗaya ba. Bana a shafin ƙarshe muka ƙara sunan autanmu, ya samu aiki a Fatakwal zai tafi bayan sallah, na saya mashi nashi littafin a bakin kasuwa, kuma jibi da safe Yaya zai zagaya da shi gonakin a nuna mashi iyaka.